Ɗan ƙanwata ne zai koya mini talla a waya, in miƙa masa komai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na fi shekara 25 ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Yanzu ciniki ya koma waya, maƙwabtana na tura kaya har Maraɗi ba su taɓa ganin mai saye ba. Ɗan ƙanwata da ke tsaron shagona ya ce zai koya mini talla a WhatsApp da Facebook, amma yana son ya buɗe komai da layinsa. Ga kunyar zama gaban yaro, ga tsoro. Daga wani Alhaji a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kunyar nan ajiye ta. A 1999 shugaban kamfanin General Electric na Amurka, Jack Welch, ya umarci manyan manajojinsa kusan 500 kowa ya nemi matashi cikin ma'aikata ya koya masa intanet, shi ma ya nemi nasa. Tsoron kuwa yana kan hanya, kuma a nan zan fi tsayawa.

Kada a buɗe da layinsa, ko da ɗan cikinka ne. WhatsApp Business, wato WhatsApp na 'yan kasuwa, a jikin lambar waya yake ɗaure. Ranar da ka yaye yaron ya buɗe nasa shagon, duk masu sayen da suka ajiye lambar nan sun bi shi, ba tare da ya yi niyyar cutarka ba. Sayi layi na shago, a yi masa rajista da sunanka da NIN ɗinka, a ɗora manhajar a wayarka. Sannan ka shiga inda aka rubuta "Linked devices" ka haɗa wayarsa; ana iya haɗa na'ura har 4, kuma duk ranar da ka so za ka cire ta. Ka sa lambar sirri mai ƙwaya 6 ta tabbatarwa mataki biyu, kai kaɗai ka san ta. Lambar da ke shigowa ta saƙon tes kuma kada ka karanta wa kowa, da ita ake kwace asusun mutane.

Shafin Facebook ma daga asusunka za a ƙirƙire shi, ka ba shi izinin ɗora hoto da amsa saƙo, cikakken iko ya tsaya wajenka. Asusun bankin da za a riƙa turawa ya zama na shago.

Wajen koyo, sharaɗina ɗaya: wayar a hannunka take. Matasanmu na da saurin fizge waya su danna nan su danna can su ce "an gama, Kawu", kai kuwa ba ka ga komai ba. Ce masa ya faɗa da baki, kai ka danna. Rabin awa da safe kafin kasuwa ta cika ya isa. Fara da ɗaukar hoton turmi a hasken rana, don fitilar shago na sauya launi, mai saye ya ce ba wannan ya gani ba. Daga nan jera kaya da farashi a kundin manhajar, sai ɗora Status, wanda ke ɓacewa bayan awa 24. Saƙon bai-ɗaya, wato wanda ake tura wa mutane da yawa a lokaci guda (Broadcast), yana ɗaukar mutum 256, amma wanda ya ajiye lambarka kaɗai yake samu.

Saƙon murya kuwa kai za ka yi shi. Yaron ya san maɓalli, amma bai kai ka sanin shaddar da ke zuba ba, ko dillalin da ake ba bashi da wanda ba a ba. Ya saurari yadda kake ciniki, ya koya.

Tambaya: Ni ce ƙarama a sashen talla na kamfaninmu, an ce in koya wa manajanmu Instagram. Da na gyara masa kuskure sai ya ɗaure fuska. Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

Amsa: Daina gyara masa a gaban ma'aikata, ki nemi lokacin da yake shi kaɗai. Kuma kada ki fara da yawan mabiya, bai dame shi ba. Buɗe masa alƙaluman shafin, ki nuna hoton da ya jawo saƙonni da wanda ba a kula ba, ki ce: "Yallaɓai, a ganinka me ya sa wannan ya fi karɓuwa?" Amsar da ya ba ki, da ita za ku tsara talla na gaba.