Tambaya da amsa: Yadda sunayen mutum biyu suka hau waƙar Chuck Berry

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, ina rubuta waƙa ina rerawa. Wani mai gabatar da shiri a rediyo ya ce zai riƙa saka sabuwar waƙata, amma sai in an rubuta sunansa tare da nawa a matsayin marubuci. Abokaina sun ce ba komai, ai suna ne kawai. Sai na ji ana cewa haka aka yi wa Chuck Berry. Me ya same shi? Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gara da hankalin naka bai kwanta ba.

An haifi Chuck Berry, fitaccen mawaƙi kuma makaɗin jita, a St. Louis ta Amurka a 1926, ya rasu a 2017 yana da shekara 90. A 1955 ya je Shikago, inda mawaƙi Muddy Waters ya haɗa shi da Leonard Chess, mai kamfanin faifai na Chess. Nan ya ɗauki "Maybellene", aka sayar da faifai sama da miliyan ɗaya. Amma da aka zo rajistar waƙar, sai ga sunaye uku: nasa, da na Alan Freed, fitaccen ɗan rediyon da ke saka ta, da na wani Russ Fratto mai hulɗa da kamfanin. A cikin waɗannan biyun babu wanda ya rubuta ko baiti ɗaya. Berry bai dawo da haƙƙinsa cikakke ba sai a 1986, shekara 31 ke nan yana raba gumin goshinsa da wasu.

To, bari in tsaya kan maganar abokan naka, don ita nake ji kullum, kuma ta ishe ni. "Suna ne kawai." Wa ya gaya musu? Sunan da ke jikin waƙa shi ake bi a raba kuɗi. Ka san haƙƙin faifan da aka ɗauka daban, haƙƙin rubutu da karin waƙa daban. Na biyun ne ke daɗewa. Duk ranar da wani ya sake rera waƙar, ko aka sa ta a fim ko talla, marubuci ake nema, ba wanda ya fara saka ta a rediyo ba. Kamar ka sa sunan dillali ne a takardar filinka don ya taya ka cigiya: ran da fili ya yi daraja, sai ka gan shi da 'ya'yansa a bakin ƙofa. A dokar Najeriya haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato gadon jikokinka kake kyautarwa saboda a saka ka na wata biyu.

Dubi amfanin sunan a wurin Berry ɗin kansa. A 1963 'yan ƙungiyar mawaƙa ta Beach Boys suka fitar da "Surfin' U.S.A." a kan karin waƙarsa "Sweet Little Sixteen" ta 1958. Da yake ba a jayayya kan wanda ya rubuta ta asali, dole aka miƙa haƙƙin ga kamfanin da ke kula da waƙoƙinsa, daga baya sunansa ya hau faifan. Waƙarsa "Johnny B. Goode" kuwa har cikin faifan da aka liƙa wa kumbon Voyager, wanda aka harba sararin samaniya a 1977, ta shiga. Wane ɗan rediyo ne zai hango maka wannan?

Masu ce maka "in ta karɓu a gyara daga baya" ma ƙarya suke. Johnnie Johnson, makaɗin fiyanon da ya daɗe tare da Berry, ya kai shi ƙara a 2000 yana cewa tare suka tsara waƙoƙi da dama. Alƙali ya kori ƙarar saboda lokaci ya wuce. Ko yana da gaskiya ko ba shi da ita, babu takarda, ga jinkiri. Ka ga shi ma Berry ba waliyyi ba ne: ya yi zaman kurkuku fiye da sau ɗaya, har da na ƙin biyan haraji a 1979. Rashin yarda da mutane ta kai shi ga tafiya wasa daga shi sai jitarsa, kuma ba ya hawa dandamali sai an ƙirga masa kuɗinsa a hannu. Shi kuwa Freed, badaƙalar karɓar na goro don saka waƙa ce ta raba shi da aikinsa a 1959.

Saboda haka kada ka sa hannu. In talla yake so ya yi maka, ku yi ciniki a fili, ka biya gidan rediyon, a ba ka rasit. Wanda kuwa ya taya ka da baiti ko kari da gaske, ku zauna tun kafin waƙar ta fita, ku rubuta kason kowa, ku sa hannu gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. Ka kuma adana rubutunka na farko da muryar gwajin da ka ɗauka a waya, da kwanan watansu.