Maganin da Ake Sha da Dare Ya Yi Aiki da Asuba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata tana fama da amosanin gaɓɓai, kuma abin ya fi tsananta da asuba, musamman a lokacin hunturu, har yatsunta su sandare ta kasa riƙe butar alwala sai hantsi ya dubi ludayi. Na ji cewa akwai ƙwayar da ake haɗiya da dare amma ba ta narkewa sai gab da asuba. Shin gaskiya ne, kuma za ta dace da ita? Daga wata mai karatu a Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Gaskiya ne akwai irin wannan magani, sai dai an yi shi ne domin nau'in amosanin da garkuwar jiki ke afka wa gaɓɓai, wanda alamarsa ita ce kumburi da sandarewar da kan kai awa ɗaya ko fiye. Wanda tsufa da zaizayar guringuntsi ke haifarwa yakan saki mutum kafin rabin awa, kuma hanyar maganinsa daban ce.

Dalilin tsanantar ciwon da asuba shi ne, sinadaran da ke hura kumburi, musamman wanda ake kira IL-6, suna ƙaruwa a jini cikin talatainin dare, alhali kotisol, wato sinadarin da jiki ke kwantar da kumburi da shi, bai kai ƙarfinsa ba tukuna. Wanda ya sha magani da ƙarfe 8 na safe ya zo bayan an gama ɓarna. Tun a 1997 wani bincike a ƙasar Suwidin ya nuna cewa ƙwayar firednisolon, wadda ke aiki irin na kotisol, ta fi rage sandarewar safiya idan an sha ta da ƙarfe 2 na dare maimakon da safe, amma ba kowa ne zai jure tashi a wannan sa'a kullum ba.

Daga nan ne dabarar ta samo asali. An lulluɓe maganin firednison, ɗan'uwan firednisolon, da ɓawo mai kauri wanda ruwan ciki ke ratsawa a hankali, ta yadda idan an haɗiye shi da misalin ƙarfe 10 na dare, sai bayan kamar awa 4 ɓawon zai fashe ya saki abin da ke cikinsa. A Turai sunansa Lodotra, a Amurka kuma Rayos, inda aka amince da shi a 2012. Gwajin da Farfesa Frank Buttgereit na asibitin Charité da ke Berlin ya jagoranta, wanda mujallar Lancet ta buga a 2008, ya ƙunshi marasa lafiya 288 na tsawon mako 12, kuma tsawon sandarewar ya ragu da kusan kashi 23 cikin 100 ga masu shan sabuwar ƙwayar, yayin da na masu shan ta gama-gari da safe bai canza ba. A ganina wannan sauƙi ne na gaske, ko da yake bai kai warkewa ba, ga shi kuma maganin ya fi na gama-gari tsada nesa ba kusa ba.

Ba a fasa ƙwayar, ba a tauna ta, ba a kuma daka ta a zuba a koko kamar yadda ake yi wa dattawa, domin ɓawon nan shi ne agogonta. Ana shan ta ne tare da abinci ko jim kaɗan bayansa. Illolinta kuwa su ne na sauran danginta, wato magungunan da ke aiki irin na kotisol: hawan jini, hauhawar sukari, kumburin fuska da raunin ƙashi, kuma dainawa farat ɗaya bayan an daɗe ana sha na da haɗari. Ba ta maye gurbin magunguna irin su metotireksat, waɗanda su ne ke hana gaɓɓai lalacewa.

Ki kai Hajiya Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala a yi gwajin jini da hoton gaɓɓai, ki tafi da duk ƙwayoyin da take sha, har da haɗin da aka saya a kemis, kuma kada a sauya mata lokacin shan magani sai likitan da ya duba ta ya yarda.