Digirin injiniyan lantarki a Legas: zai mayar da kuɗinsa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shekara 5 a jami'ar UNILAG ko LASU, ga shekarar bautar ƙasa, za su biya, tunda mai wayarin a kasuwar Alaba yana samun na kansa ba digiri. Za su biya, amma ba a shekarun farko ba. Albashin sabon injiniya a ƙaramin kamfani haya da kuɗin mota ne ke cinye shi.

Ribar tana zuwa da rijistar hukumar kula da aikin injiniya, COREN, wadda ake nema bayan shekara 4 ana aiki. Da ita kake sa hannu a zanen lantarkin gini da takardun kwangila, abin da mai wayarin ba zai iya ba komai gwanintarsa. Don haka tun SIWES, horon aiki na ɗalibai a masana'antu, ka nemi inda za ka taɓa taransfoma: kamfanin rarraba wuta na Ikeja Electric, tashar wutar lantarki ta Egbin, ko masana'antun Ikeja da Lekki. Ka koyi AutoCAD (manhajar zane) da PLC (na'urar sarrafa injinan masana'anta), ma'aikatu su suke tambaya kafin sakamakon digiri.

Kuɗin kusa yana sola. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar Band A (rukunin da ya fi samun wuta) naira 225 kowane yunit, masu shaguna suka koma infata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida. A nan ilimin ke aiki: wanda bai lissafa lodi ba sai ya ɗora firiza da famfon ruwa kan infata mai ƙarfin 3.5kVA, ya manta injinansu suna jan wuta ninki da yawa wajen tashi, infata ta riƙa yankewa, ko siririyar wayar batir ta yi zafi. Mai lissafi shi ake sake kira.