Hukuncin zanen da matasa ke yi a bangon makaranta lokacin dogon hutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim. A dogon hutun bana mun tara matasa masu hannun zane, maza da mata, suna koyon aikin tare. Sun ƙawata katangar makaranta da ta ɗakin shan magani: ga gonar gero, ga rijiyar burtsatse, ga manomi da shanun huɗa, ga uwa ta kai jaririnta rigakafi. Yanzu suna son rubuta Ayatul Kursiyyu a bangon masallaci ta waje. Wasu dattawa sun ce duk haramun ne, a goge. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri, malam, da ka nemar wa yaran nan abin yi maimakon zaman kashe wando.

Cewa duk haramun ne ba daidai ba ne. Gonar gero, rijiya, itatuwa, dagi da sauran zayyanar da ba ta da rai, duk halal ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da zanen surori yake ci. Ɗan Abbas ya karanta masa hadisin narko a kan masu yin sura, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya ce masa, idan ba makawa sai ka yi, to zana itace da duk abin da ba shi da rai. Bai raba shi da sana'arsa ba. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Duk wanda ya shiga Gidan Makama a Kano ko fadar Dutse ya ga aikin magina, a garuruwan da malamai ba su taɓa yankewa ba.

Inda dattawanku suke da hujja shi ne manomin, shanun da uwar. Annabi (SAW) ya ce masu yin surori suna cikin mafiya tsananin azaba ranar alƙiyama, kuma da ya tarar da labule mai surori a ɗakin Nana A'isha (RA) yaga shi ya yi, aka mayar da shi matashin kai. Da irin waɗannan hadisai ne Imam Nawawi da mafi yawan malaman sauran mazhabobi suka haramta zanen mai rai ko da zane ne kawai marar jiki. Malikiyya kuwa sun rarrabe. A wurinsu haramun shi ne surar mai rai wadda take da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, kamar gunki. Wadda aka shafa a bango makaruhi ce, kuma Ibn Abi Zaid ya ambaci bango da sunansa a cikin Risala, cikin wuraren da ake ƙin sanya surori. Ka ga ke nan ko a ra'ayin da ya fi sauƙi, barinsa ne ake so.

Abin da nake rinjayarwa shi ne a gyara zanen, ba sai an shafe bangon gaba ɗaya ba. A hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Mala'ika Jibrilu ya ce a cire kan surar ta zama kamar itace. Saboda haka a shafe kawunan, ko a sauya fasalin. Saƙon rigakafi zai isa da hannun jami'ar lafiya riƙe da kwalbar magani da rubutu a ƙasa, na boko da na ajami. Huɗa kuma garma da kunyoyi sun wadatar. Yaro mai basira zai ga wannan ya ƙara masa gwaninta ne. Kada kuma a kira yaran fasiƙai kan mas'alar da malamai suka yi saɓani, kuma sun yi ta ne da kyakkyawar niyya.

Wanda nake tsawatarwa a kai da ƙarfi shi ne zana fuskar wani shehi, basarake ko mamaci don girmamawa. Ta wannan ƙofa shirka ta shiga wa mutanen Annabi Nuhu, kamar yadda ɗan Abbas ya bayyana game da sunayen da suka zo a aya ta 23 cikin Suratu Nuh: bayin Allah ne na gari da aka yi wa siffofi don tunawa da su.

Ayatul Kursiyyu kuma kada a rubuta ta a bangon waje. Damina ce, ruwa zai wanke harufan su gangara kwata, awaki na goga jiki, wani ma ya tsuguna a gindin bangon. Ko a ciki, Imam Malik ya ƙi a yi rubutu da ado a bangon alƙibla don yana shagaltar da mai salla. In suna son yi wa masallaci hidima, su shafe shi da farin fenti.

Kada a taɓa katangar kowa sai da yardarsa, ta makaranta kuma sai da izinin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, a kuma sanar da mai unguwa. 'Yan mata su yi nasu ɓangaren da wata babba a tare da su, a tashi kafin magariba. Ladan aikin halal ne a kan zanen da ya halatta.

Sai abin da masu fenti suka fi sakaci da shi. Fenti mai mai idan ya bushe a hannu ko a farce yana hana ruwa taɓa fata, alwala ba ta inganta a haka. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga wani ya bar wuri kamar girman farce a ƙafarsa ruwa bai taɓa ba, ya ce ya koma ya kyautata alwalarsa. A ajiye musu kananzir da tsumma kusa da butoci, su goge tun kafin a kira azahar. Launin da ya rage bayan an kankare kaurin fentin ba ya cutarwa.

Wallahu a'alam.