Katantanwa da Injin MRI: Amsa ga Ƙanena

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama digirin fiziks, kana neman zuwa Ingila karatun fiziks na asibiti, kuma an ce maka a intabiyu ba a barin tambaya kan yadda MRI, injin ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ke aiki. Ba a yi maka ƙarya ba. Ni ma ita aka fara jefo min. Na zuba hadda tiryan-tiryan, malamar ta bari na kai aya, sannan ta ce in sake, kamar kakata nake yi wa bayani. Na yi tsuru-tsuru.

Da na tuna katantanwar da muke murzawa muna yara, da ban sha wuya ba. Ka san idan ta ɗan karkata ba ta faɗuwa nan take, sai kanta ya riƙa zagaye a hankali alhali jikinta na juyi da gudu. Haka furoton, wato ƙwayar da ke tsakiyar atom ɗin haidurojin da ke cikin ruwan jikinmu, yake. Ɗan mitsitsin maganaɗisu ne mai juyi. In aka sa shi cikin filin babban maganaɗisu, filin na son miƙar da shi, juyin kuma ya hana, sai ya dinga kewaya layin filin. Ana kiran wannan da sunan Joseph Larmor, masani ɗan Ailan. Amma kada ka ce wa masu intabiyun furoton ƙwallo ne mai juyawa da gaske, misali ne kawai, kuma za su kama ka.

Lambar da za ka riƙe ita ce 42.58: zagaye miliyan 42.58 a daƙiƙa kan kowace tesla, wato ma'aunin ƙarfin filin maganaɗisu. Injin tesla 1.5 kusan miliyan 64 ke nan, na tesla 3 kusan miliyan 128, wato sun sa tashoshin FM a tsakiya. Sai a aika igiyar rediyo daidai da wannan saurin ta karkatar da furoton ɗin, a kashe, a saurari abin da suka mayar. In ƙarfin filin ya ɗan bambanta daga kai zuwa ƙafa, saurin zagayen ne zai tona inda saƙon ya fito. A kan wannan Peter Mansfield na Nottingham da Paul Lauterbur suka samu Nobel a 2003.

In Allah ya kawo ka, ka ajiye makulli da katin banki a ƙofar ɗakin injin, don maganaɗisun ba a kashe shi ko da dare. Maganar biza da kuɗin haya sai saƙo na gaba. Ka gaida su Baba.