Ga ɗan uwan da ya yi tambaya kan bin mai gas aikin canza boila

Wa alaikumussalam. Wallahi ɗan uwa da na karanta tambayarka sai da na ajiye kofin shayin da ke hannuna, kamar labarina kake bayarwa. Ka ce wani injiniyan gas ya ce ka riƙa binsa kuna canza boila (na'urar ɗumama gida da ruwa) a gidaje, fam 70 a rana kuɗi hannu, kai kuma ba ka da rajistar Gas Safe, wato rajistar waɗanda doka ta yarje wa aikin gas a Birtaniya, ko akwai matsala. To ni wata 11 na yi ina wannan aikin a Birmingham, nawa ma fam 60 ne.

Bin nasa dai ba laifi ba ne. Ɗauko kaya daga mota, shimfiɗa ƙyalle kan kafet ɗin mutane, juye ruwan radiyeta, jan bututun ruwa, kwashe shara, duk za ka iya. Amma bututun gas da bututun da ke fitar da hayaƙi waje da shi kansa cikin boilan, waɗannan nasa ne, dokar gas ta Birtaniya ta 1998 ce ta ce haka. Kuma wannan magana ta "kai dai yi, in na dawo zan duba in sa hannu" ba ta da gurbi a dokar sam, ita ce kuma ta kusa kai ni ta baro.

Watan Disamba ne, gidan wata baiwar Allah mai yara uku. Mun cire tsohon boila za mu sa kombi, wato boilan da ke ɗumama gida ya kuma ba da ruwan zafi nan take ba sai da tanki ba, shi kuma kombi ya fi cin gas don haka sai an canza bututun daga milimita 15 zuwa 22 tun daga mita. Wajen azahar waya ta shigo wa oga, wai wani aiki a Walsall. Ya miƙo min kan wuta da dalma ya ce haɗa waɗannan biyun kawai suka rage, ai ka sha ganina ina yi. Na yi shiru. Ni da nake lissafin kuɗin haya, in ce a'a ya sallame ni? Na durƙusa ƙarƙashin kabad ɗin kicin na yi abin da na iya, hannuna har rawa yake. Bai dawo ba sai bayan magariba, a gurguje, ya kunna boila ya ga radiyeta sun ɗau zafi ya karɓi kuɗinsa muka fita. Gwajin nan da ake yi a mita da ma'aunin ruwa don a ga ko gas na zurarewa, wanda duka duka bai fi minti biyar ba, bai yi ba. A gabana bai yi ba wallahi.

Ƙarfe 11 na dare sai ga kiransa yana ta ihu. Matar ta ji warin gas ta kira lambar gaggawa ta masu gas, 0800 111 999, sun zo sun rufe mata gas sun manna takardar gargaɗi. Yara uku cikin wannan sanyin, ba ɗumi ba girki. Da safe muka je, ƙaramar yarinyar tana zaune kan matakala an naɗe ta da bargo har da hula, tana kallona. Har yau ina ganin fuskar yarinyar nan. Sai mutumin nan ya buɗe baki a gaban matar ya ce shi bai taɓa ce min in taɓa gas ba, wai kaya kawai nake ɗauka masa, da ya fita ne na yi karambani. Mutumin da muke cin abinci tare a mota, wanda nake siyo wa kofi da kuɗina! Na rasa bakin magana, Turancin ma ya gudu. Kuɗina na kwana 10, fam 600, ya riƙe wai na gyara ne. Wa zan kai wa ƙara, ba takarda ba komai, sai ma in tona wa kaina asiri. Na yi sati biyu in aka ƙwanƙwasa ƙofa gabana sai ya faɗi, don HSE, hukumar kula da lafiya da kariya a wurin aiki, na kai mutane kotu kan wannan, har ɗauri ana yi. Allah dai ya rufa asiri. Shi kuwa na bar shi da Allah, har yanzu in na hango irin farar motarsa a titi raina ɓaci yake.

Kafin ka fara ka ce ya nuna maka katinsa. Akwai hotonsa da lamba guda 7 da ranar ƙarewa, bayan katin kuma an jera irin aikin da aka yarje masa, wani na murhun girki ne kawai ba boila. Ka sa lambar a shafin Gas Safe ka gani da idonka. In ya fara kame-kame ka san inda aka dosa.

Af, ba ka faɗi wace biza kake kai ba. In ta karatu ce ka yi hattara, awa 20 ce a sati lokacin karatu kuma ba a yarda ka yi aiki a matsayin mai zaman kansa ba, wannan kuɗi hannun nan ne ake shiga uku. Ni dai kullum ka sa ya turo ta banki, kuma duk abin da ya ce ka yi ya zama akwai shi a WhatsApp. Da ina da saƙo ɗaya da bai isa ya ƙaryata ni ba.

Kuma ka kula da bayanka don Allah. Sabon kombi kilo 30 zuwa 40 ne, tsofaffin nan na ƙarfen zubi kuwa ba a magana, kar ka yarda ka sauko da shi daga bene kai kaɗai don a ce kai jarumi ne. Ni har yanzu in na daɗe a ruku'u sai na ji shi.

In sana'ar kake so da gaske, akwai ta da albarka, ka shiga kwas a san kai ɗalibi ne, sai ka riƙa aikin gas ɗin yana tsaye a kanka kana tara hotuna da shaidar aiki yana sa hannu, daga nan ka zana ACS, wato jarrabawar ƙwarewa ta masu aikin gas, wadda ake kira CCN1 ce ta farko, ana sabuntawa duk shekara 5. Ka tambaye shi tun yanzu ko zai sa maka hannu. Nawa wata 11 yana ce min sai wata mai zuwa.