Amsa: neman takardar haihuwa da ta aure daga ofisoshin jiha da gunduma a Amurka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce an haifi yaronka a Bronx da ke birnin New York, aurenku kuma a Houston ta jihar Texas aka yi masa rajista, kana son takardun biyu don amfani a Najeriya, wani ya ba ka shawarar ka rubuta buƙata ƙarƙashin FOIA, wato dokar 'yancin samun bayanan gwamnati. Kada ka ɓata lokacinka. FOIA dokar tarayya ce ta 1966, hukumomin gwamnatin tarayya kawai ta shafa. Kowace jiha tana da tata dokar, New York tana da FOIL, amma ko ita ba da ita ake karɓar takardar haihuwa ba. Wannan takarda a killace take, mai sunan ko iyayen da ke rubuce a jikinta ake ba wa, bayan sun nuna katin shaida mai hoto.

Abin da za ka fara tantancewa shi ne wane ofishi ne takardar take hannunsa, domin nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Wanda aka haifa a cikin birnin New York, har da Bronx, rajistarsa tana Sashen Lafiya na birnin. Ofishin jiha da ke Albany ba ya riƙe ta, in ka aika can makonni za su wuce a banza. Tunda waje za ka kai ta, ka nemi doguwar, wadda ke ɗauke da cikakken bayani, tare da wasiƙar da suke kira Letter of Exemplification, mai tabbatar da cewa kwafin sahihi ne. In babu wasiƙar nan, ofishin da zai fara buga mata hatimi ba zai taɓa takardar ba. Ta intanet, kamfanin VitalChek ne ke karɓar oda a madadin Sashen Lafiyar. Ka yi hattara da shafukan 'yan tsakani masu kama da na hukuma, kuɗi kawai suke ƙarawa.

Ta aure kuwa, a Texas magatakardan gundumar da ta ba da lasisin ne ke fitar da kwafi mai hatimi. Idan a Houston kuka karɓa, galibi gundumar Harris ce, amma ka duba saman lasisin, domin inda aka karɓe shi ake bi, ko da an yi bikin a wata gunduma. Ofishin jiha da ke Austin wasiƙar tabbatarwa kawai yake bayarwa, ba ta maye gurbin takardar. Wani abu kuma da ya kamata 'yan'uwa su sani: auren da aka ɗaura a masallaci ba tare da lasisin gunduma ba, ba za a tarar da shi a kundinsu ba.

Wajen cike fom, ka rubuta suna daidai yadda yake a rajista. Muhammad da Mohammed a wurin ma'aikacin mutum biyu ne, kuma kuɗin bincike ba a cika mayarwa ba idan an nema an rasa. Ka nemi kwafi biyu ko uku lokaci guda.

Saura buga hatimi. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta afostil, wato hatimi guda da ƙasashen da ke cikinta suke karɓa daga juna, don haka hanyar mai tsawo ce. Takardar yaron za ta je wurin magatakardan gunduma a Manhattan, daga nan Ma'aikatar Harkokin Jihar New York. Ta auren za ta je ofishin Sakataren Jihar Texas. Sai ka haɗa su ka aika ofishin tantancewa na Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka da fom DS-4194, sannan ofishin jakadancin Najeriya a Washington ko ƙaramin ofishin New York ko Atlanta. Kada ka lulluɓe su da leda mai narkewa, kada ka cire ƙusar da suka danne takardun da ita, hakan na iya sa a ƙi karɓa. Kafin ka kashe ko dala ɗaya a wannan zagaye, ka tambayi hukumar da za ta karɓa a gida ko tana bukatar duka hatiman, domin wasu kwafi mai hatimin asali ya ishe su.